Ranar da Mushe Mani Ya Dunƙule Hannu

A Dogon Dutsi, idan ka tambayi gidan Mushe Mani, za a ce maka, "Mai gaskiyar nan?" sannan a nuna maka hanya. Ba ya son sunan ko kaɗan, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa ko yana so. Kafin sunan ya kama shi, Mushe ne kawai, kamar yadda ake kiran kowane malamin boko a can, malamin motsa jiki a wata koleji da ke bayan kasuwa, dogo siriri, da usur a wuya da wandon wasanni wanda rana ta cinye launinsa. A Lugu aka haife shi. Uwarsa ta rasu yana goye, ƙanwarta Inna Marwa ta ɗauke shi ta raina. Ita ta koya masa abubuwan da mutumin kirki ba ya yi: ba ya cin abinci a tsaye, ba ya kallon surukinsa cikin ido, ba ya kiran sunan ɗan farinsa. Lakwal, wato makarantar boko, ta ƙara masa Faransanci da tsalle-tsalle, amma waɗannan ba ta taɓa su ba.

Yana sabon malami, bai ko yi aure ba, aka turo wa kolejinsu wani ɗan Japan mai aikin sa kai. Sunansa ya gagari bakin mutane, sai aka sa masa Mai Hula, don ba wanda ya taɓa ganin tsakar kansa. Ya zo da wata doguwar jaka, cikinta akwai sanduna masu santsi, da fararen ƙwallaye masu taurin tsiya da aka ɗinke da jan zare, da safar hannu ta fata mai faɗin faifai. Ya ce sunan wasan bezbol. Mutanen Dutsi suka ce ƙwallon sanda, suka huta.

Wasan ba shi da wuyar faɗa. Wani ya yi jifa, wani ya maka wa ƙwallon sanda, ya yar da sandar ya sheƙa da gudu, ya bi zango uku ya dawo inda ya tashi, wurin da ake ce wa gida. In ƙafarsa ta riga ƙwallo isa gida, ya ci. In ƙwallo ta riga shi, ya fita. Yaran koleji suka yi 'yan kwanaki suna dariya, suka koma wa ƙwallon ƙafarsu. Mani kaɗai abin ya shiga ransa. Ya so wasan da kowa ke jiran layinsa ya zo, ba ƙwace ba ture. Ya fi son aikin arbit, alƙalin da ke tsaye bayan gida, ba shi da komai sai idonsa. Mai Hula yakan maimaita masa da guntun Faransancinsa cewa alƙali abin da ya gani yake faɗa, ba abin da yake so ba. Da wa'adinsa ya cika, ya bar wa Mani jakar, ya hau mota ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Daga nan Mani ya zama mai jaka. Da aka kawo masa amaryarsa Shatu, ta tarar jakar ta riga ta kama wuri mafi kyau a ɗaki, can sama inda gara ba ta kai, kwanukanta kuwa suka sauka ƙasa. Duk Juma'a yakan sauko da ita ya shafa wa safofin man kaɗe, alhali ƙafafunsa shi kansa sun yi kaushi ba ruwansa. Kowace shekara yakan tara yara ya koya musu, kowace shekara kuma da an gama girbi manyan cikinsu su tafi ci-rani Najeriya ko Kwatano, ya koma farko da wasu. Mutanen gari ba su ƙi wasan ba, ba su kuma so shi ba. Sun ɗauke shi wata 'yar larura ce da Allah ya ɗora wa mutumin kirki.

Da yake 'yan kallo ba sa gane wanda ya ci da wanda ya faɗi, Mani ya ƙirƙiro tsarinsa. In yaro ya isa gida lafiya, sai ya ware hannuwansa biyu, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa ya kira sunan yaron: wane ya shiga gida. In yaro ya fita, sai ya dunƙule hannu ɗaya ya ce "Waje" a hankali, ba suna, don kada a kunyata ɗan mutane. Yana alfahari da wannan tsari ƙwarai. Yakan ce ko Mai Hula bai yi tunaninsa ba.

Sun yi shekaru masu yawa kafin Allah ya ba su haihuwa. Ɗan farinsu namiji ne, mahaifin Shatu ya zaɓa masa suna Luƙman. Tun ranar suna bakin Mani bai taɓa furta shi ba. A gida "kai" ne, ko "yaron nan". Da ya shigo koleji ya faɗo ajinsa, sai ya zama "mai lamba tara", lambar da ke bayan rigarsa. Shatu ma ta fi shi, ita "wancan" take cewa, ko da yaron na zaune a gabanta. Ba wanda ya ga laifinsu, haka aka saba, yabonsu ma ake yi. Shi kuwa yaron, a gindin jakar nan ya tashi. Ba a koya masa ba, tsinta ya yi. In Mani na son gyara masa riƙon sanda, sai ya kama hannun yaron da ke kusa da shi ya gyara, ya yi ta faɗa, Luƙman na gefe yana ɗauka. Da la'asar sakaliya za ka ji shi a bayan gida yana jifan katanga, har ya yi mata rami Shatu na mita.

Mani yana gani. Ya san cikin duk yaran da suka bi ta hannunsa, wannan kaɗai ne wasan ya kama kamar yadda ya kama shi. Yana son yaron son da har tsoro yake ba shi, kuma bai taɓa ce masa ko "madalla" ba. Ya dai ƙudura a ransa cewa ranar da ya yi ritaya zai sauko da jakar ya ajiye a gabansa, ba sai an yi magana ba. In yaron bai ɗauka ba, to wasan ya mutu a Arewa, shi kuma ya ƙare ƙuruciyarsa wajen shafa wa fata mai.

Shekarar da zai yi ritaya aka kawo sabon insifektan wasanni, matashi mai neman abin da zai kai rahotonsa Dosso wanda ba wanda ya taɓa kaiwa. Kokawa kowa na yi, ƙwallon ƙafa kowa na yi. Da ya ji labarin jakar Mani, sai ya sa hannu a kan gasar ƙwallon sanda ta kolejojin Dutsi da Tibiri, da kofi da komai. Makarantu huɗu suka shiga: ta su Mani, da ta Kiéché, da ta Tibiri, da ta Kore Mairuwa. Mani ya yi kuka a ɓoye, ya ce wa Shatu hayaƙin murhu ne.

Ya hau tsohon babur ɗinsa ya yi ta zagaya garuruwan nan cikin zafin bazara yana koyarwa. Sandunan asali kuwa ya ce ba za su bar Dutsi ba, awo kawai ya bayar. Masassaƙa suka sassaƙa, waɗanda ba su da masassaƙi suka yi dabara, har matan Kiéché suka fara cigiyar taɓarensu. Dukawa suka ɗinka safofi da fatar akuya, suka fito kamar zabirar wanzami, amma suna cafe ƙwallo. Zango kuwa buhunan siminti ne cike da yashi. Sannan ya zaɓi Mushe Dalhatu, malamin lissafi daga Tibiri, ya koya masa alƙalanci don ya riƙa tsayawa duk ranar da kolejinsu ke wasa. Ya ce don adalci ne, kowa ya jinjina masa. Gaskiyar magana ita ce ya san ƙafar mai lamba tara, ya san za ta isa gida, kuma ya san abin da tsarinsa ke buƙata daga bakin alƙali.

Dabarar ta yi aiki har wasan kusa da na ƙarshe. Mushe Dalhatu mutumin ƙwallon ƙafa ne tun yana yaro, da rikici ya tashi a zango na biyu sai tsohon hali ya motsa, ya busa usur, ya zaro jan kati daga aljihu, ya ba da fenariti. Aka rasa inda za a buga ta. Kolejin su Mani ta haye, ta Kore Mairuwa ma ta haye, amma mutanen Kore suka ce wasan ƙarshe in ba Mushe Mani ne alƙali ba, ba za su shigo mota ba. Sun yarda da shi ko da ɗansa na ciki. Insifekta ya ce ai wannan ma karramawa ce ga mai shirin ajiye aiki. Mani ya nemi hanyar zamewa ya rasa. Kafin ya miƙa yaransa ga wani malami, ya mai da mai lamba tara can ƙarshen layin masu bugu. Ya kuma yi addu'ar da bai kamata uba ya yi ba: Allah ya sa su ci, amma ba ta ƙafar yaron nan ba.

Ranar wasan aka kafa rumfa a filin da ke fuskantar dutsen garin, aka jera kujeru, wakilin parafe, shugaban gundumar, ya zauna a tsakiya da takardar jawabinsa. Ishaku maroƙi ya zo da makaɗansa. Tun wasannin baya ya gano cewa wannan wasa an yi shi ne don maroƙa, tunda alƙali da kansa ke miƙo maka suna, kai kuwa sai ka ɗora kirari har kakan kaka. Samarin 'yan kasuwa masu ɗage wando suka tsaya nesa da ganguna, suka ce su gudu suka zo kallo ba kiɗa ba. Inna Marwa ma ta zo daga Lugu a motar kasuwa, ta rankwafa da tsufa, aka shimfiɗa mata tabarma a gaba cikin tsofaffin mata. Ba ta san kan wasan ba, ta dai ji an ce yau za a ɗaukaka ɗanta.

Aka yi wasa mai kyau, ko da yake jama'a sun fi yin shewa in mai bugu ya kuskure ƙwallo ya juya kamar zai faɗi. Mani na tsaye bayan gida, yana ware hannu yana kiran sunaye, Ishaku na cafewa. Sau biyu layi ya zo kan Luƙman, sau biyu ya buga ya tsaya a zango, na bayansa suka fita kafin ya ƙaraso. Mani ya fara jin addu'arsa ta karɓu. Aka shiga zagayen ƙarshe Kore Mairuwa na gaba da ci ɗaya, yaran Dutsi saura mutum guda ya fita a tashi. Wani yaro Abdul'aziz na zango na biyu. Sai layi ya sake zagayowa kan mai lamba tara.

Ya maka mata sanda, ƙarar ta kai har rumfa. Ƙwallo ta wuce kan kowa ta faɗa can gindin itatuwan dogon yaro, ta tarwatsa awakin da ke kwance. Abdul'aziz ya iso gida a guje, Mani ya ware hannu ya kira sunansa, an yi kunnen doki. Da ya ɗaga kai sai ya ga abin da yake tsoro. Yaron nan bai tsaya a zango na biyu ba, bai tsaya a na uku ba, ya miƙo gida kansa a sunkuye, ƙwallo kuma na tahowa daga hannu zuwa hannu. Ya zube ya sulale da ƙafa a gaba, yadda Mani ya taɓa nuna wa yaron da ke kusa da shi. Ƙafa ta daki buhu, sannan ƙwallo ta faɗa safar mai cafewa. Tsakaninsu bai fi ƙiftawar ido ba, amma Mani ya ga biyun, ya ji biyun, kuma ya san wadda ta riga.

Hannuwansa suka fara warewa da kansu. Sai Ishaku ya matso, ya ɗaga wa makaɗa hannu su dakata, ya ƙwala:

"Wa ya shiga gida, Mushe? Hwaɗi muna sunanai mu ji!"

Duk ido ya koma kan Mani. Ba mai sanin dokar wasan, amma kowa ya san ɗan wane ne kwance a ƙasa. Mata suka fara rufe baki da gefen mayafi suna duban juna. Abokan aikinsa na murmushi suna jira. Inna Marwa ta ɗago kai tana kallonsa, ba fushi a fuskarta, irin kallon da takan yi masa yana yaro in ya miƙa hannu wajen tukunya. Daga baya ya yi shekaru yana tunanin cewa da ya ce "mai lamba tara ya shiga gida", da an yi dariya an wuce. A lokacin dabarar ba ta zo masa ba. Sunan ne kawai ya cika masa baki, harshe kuma ya ƙi ɗagawa. Hannun hagu ya koma gefensa, na dama ya dunƙule.

"Waje," ya ce.

Luƙman ya dube shi sau ɗaya. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya koma wajen 'yan uwansa, don an koya masa ba a jayayya da alƙali. Aka ƙara zagaye guda na raba gardama, yaran Dutsi sun riga sun karaya, Kore Mairuwa ta ɗauke kofi kafin magariba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi yi wa Mani ciwo. Mutanen Kore suka bar kofinsu suka ɗaga Mani sama. Mutanen Dutsi da aka cinye suka taya su. Wakilin parafe ya ninke takardarsa ya yi jawabi da ka, ya ce yau ya ga mutumin da ya yanke wa ɗan cikinsa hukunci a gaban duniya, da ma'aikata duka haka suke da ƙasa ta gyaru. Samarin 'yan kasuwa suka zo suka yi musabaha da shi hannu bibbiyu. Ishaku, da ya rasa kirarin ɗa, ya juye shi duka a kan uba. Inna Marwa ta kama kansa ta sa masa albarka, ta ce wa matan da ke gefenta ita ta raine shi. Aka ba shi takardar yabo cikin gilashi, Shatu ta rataye ta a zaure.

Washegari da hantsi ya sauko da jakar, ya ajiye a zaure, ya aika a kira masa yaron nan. Luƙman ya zo ya durƙusa ya gaishe shi. Mani ya tura jakar gabansa da ƙafa yana kallon bango. Yaron bai taɓa ta ba.

"Baba, tambaya gare ni. Amma arbit nika tambaya, ba Baba ba. Ƙahwata ta riga balo, ko balo ta riga ta?"

Mani ya dubi jakar. Sannan ya ce ƙafar ce ta riga.

"To mi ya hwaru?"

"Inna tana nan zamne," in ji Mani. "Mutane duka suna nan."

"Ni ma ina nan, Baba."

Luƙman bai ɗaga murya ba. Ya nemi izini ya tashi, ya bar jakar inda take. Ya ci birebe, jarrabawar gama koleji, a shekarar, bai sake taɓa ƙwallon nan ba, ramin katanga ma Shatu ta samu ta liƙe. Aka yi wa insifekta canjin wurin aiki, gasar ba ta ga shekara ta biyu ba. Mani kuwa ritaya ba ta ba shi hutu ba. Masu rikicin iyakar gona, da masu rabon gado, da miji da matar da suka saɓa, duk suka gano hanyar zaurensa. Kowa ya zo sai ya fara nuna takardar gilashi ya ba abokin rigimarsa labarin ranar, Mani na zaune yana saurara. Sau ɗaya ya yi ƙarfin hali ya ce musu yaron ya riga ƙwallo, shi ne ya yi kuskure. Suka kaɗa kai suka ce dubi tawali'u.

Bayan girbi Luƙman ya ce zai bi kawunsa Kwatano sayar da kayan babur. Ba wanda ya hana shi. Ranar tafiya ƙannensa suka ɗaukar masa kaya zuwa tasha. Uba ba ya raka ɗan fari, don haka Mani ya ce wa Shatu zai je kasuwa sayen igiya. Ya je ya laɓe bayan teburin mai shayi, yana kallon yadda ake ɗaure buhuna a kan mota, yana hango ƙeyar yaron ta taga. Mota ta cika, direba ya tayar, ta fara gangarawa bakin kwalta.

Sai ga Mushe Mani a tsakiyar tasha. Ya ware hannuwansa biyu iyakar tsawonsu, ya buɗe muryar nan da ta saba ratsa fili:

"Luƙman ya shiga gida!"

Tasha duka ta juyo. Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Mota ta hau kwalta ta miƙe abinta.

Kafin azahar labari ya gama gari. Aka ce tsufa ya fara taɓa Mushe, mutum da girmansa ya tsaya cikin kasuwar mutane yana kiran sunan ɗan farinsa kamar mai talla. Da maganar ta kai Lugu, Inna Marwa ta yi wata da watanni ba ta karɓar gaisuwarsa. Masu kawo ƙara ba su daina zuwa ba, sun dai ce ko mai gaskiya yana da ranar tuntuɓe, kuma sun yafe masa.

Jakar ta koma samanta, har yanzu ana shafa mata mai ranar Juma'a. Mani ya ce lokacin da motar ke shan kwana ya ga hannu ya fito ta tagar da yaron yake, ya ɗaga sama. Shatu ba ta je tashar ba, amma ta ce ta sha shiga motar nan, in zafi ya yi kowa hannunsa a waje yake. Mai shayi ya ce shi bai ga komai ba sai hayaƙi. Mani ya ce shi alƙali ne, abin da ya gani ya faɗa. Wannan karon ba wanda ya yarda da shi.